Wa Za Ta Karɓi Littafi da Makulli? Jawabin Kwamitin Gudanarwa a Taron Zagayowar Shekara

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, da mazaje da 'ya'yan da suka rako mu, sannunku da zuwa. Waɗanda suka taso tun daga Makoɗa da Kunci da ƙauyukan Ɗambatta, Allah ya ba da ladan zumunci.

A rana irin ta yau an saba faɗin abin da aka samu: man gyaɗa nawa aka sayar, buhu nawa aka ajiye, bashi nawa ya dawo. Ma'aji za ta karanto wannan in mun zauna. Mu a kwamiti mun zaɓi mu taɓo maganar da kowa ke kauce wa. In uwar ƙungiya ta gaji, ko ta kwanta ciwo, ko ta Allah ta kasance, wa za ta karɓa? Mun san dalilin kaucewar. A wajenmu, ki tambayi babba wa zai gaje ta, sai a ce fatan mutuwa kike mata. To yau dai a yafe mana, za mu tambaya.

Ku dubi unguwanninmu. Da wuya a rasa gidan da mata ke taruwa bayan la'asar ko bayan isha, a yi karatu, a yi salati da zikiri, ba albashi ba alawus, sai neman lada. Kuma kowaccenmu ta san irin wannan taro da ya watse. Malama ta rasu, ko maigidanta ya koma birni da ita, aka yi mako biyu ana zuwa ana kallon-kallo, daga nan aka naɗe tabarmi. Alhali a cikin ɗaliban akwai waɗanda suka iya karatun sarai, sai dai ba a taɓa ce wa ɗayarsu "yau ke za ki ja mu" ba.

Wannan matsala ba yau ta fara ba, kuma akwai wadda ta yi maganinta tun kafin a haifi kakanninmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta ga matan ƙauye ba za su iya barin gida duka su zo wajenta ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali da riƙon amana, aka kira su jaji, wato masu jan ayari. Jaji za ta taho da tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyensu, su haddace karatu cikin waƙe, su koma su koya wa matan aure a cikin gidajensu. Su ne 'Yan Taru. Abin da muke so ku riƙe shi ne yadda ake naɗin. Nana kan ba jaji malafa da jan rawani, ta yadda duk wanda ya gan ta ya san da izini take magana. Kun ga ba a ɗaki aka raɗa mata ba, balle gobe wata ta ce ita ba ta ji ba.

Da Nana ta rasu a 1864, 'Yan Taru ba su watse ba. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagoranci, kuma mu Kanawa muna da rabo a nan, domin Maryam ɗin ta zauna a gidan sarautar Kano tana matar Sarki Ibrahim Dabo kafin ta koma Sakkwato. Ta tarar da jajoji sun riga sun san hanya, kowace da ayarinta. Nauyin bai taɓa zama a kan mutum ɗaya ba, shi ya sa rasuwar mutum ɗaya ba ta kayar da shi ba.

A zamaninmu mun ga hanya iri biyu. A gidan Ƙadiriyya na Kano, da Shaikh Nasiru Kabara ya rasu a 1996, ɗansa Ƙaribullahi ne ya gaje shi, irin gadon gidan malamai da aka sani. Ita kuwa FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, wa'adi ta sa. Amirarta ta farko, Hajiya Aisha Lemu, ta sauka da ranta da lafiyarta, ta ga wasu amirori sun hau sun sauka kafin ta rasu a 2019. A ganinmu hanya ta biyu ce ta dace da mu. Abin da ke asusunmu gumin kowa ne, ba gadon gidan kowa ba, don haka 'yar shugaba in ta cancanta ta tsaya a zaɓe ta kamar kowa.

Bari mu leƙa nesa kaɗan, don a ga ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Indiya an yi wani malami, Goenka, da ya fara koyarwa a 1969. Abin da yake koyarwa zaman shiru ne na kwana 10 don tattara hankali, wanda ya samo asali daga addinin Buda. Ba addininmu ba ne, ba kuma aƙidarsu muka zo ara ba, tsarin aikinsu kawai muke kallo. Ba sa karɓar kuɗin shiga. Masu girki da masu shara duk tsofaffin ɗalibai ne da ke yi kyauta, kamar yadda mukan yi ranar walimar sauka. Tun 1982 ya fara naɗa mataimakan malamai, aka kuma naɗi darussansa a kaset. Bai rasu ba sai 2013. Ku lissafa, sama da shekara 30 ke nan yana raye wasu na jan zama a madadinsa, in sun karkace ya gyara. Har yau cibiyoyinsu na aiki a ƙasashe da yawa. Icce ai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To mu dawo gida. Mu mata ba sai mutuwa ce ke raba mu da aiki ba. Takaba wata 4 ce da kwana 10. Jego kwana 40 ne, in an samu lafiya. Ga aikin Hajji, ga jinyar iyaye, ga aure da kan ɗauke yarinyar da muka gama koya wa lissafi ya kai ta wani gari. Ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗa wa mai sa hannu a banki daidai lokacin sayen gyaɗa da kaka, me za mu yi? Banki ba ya jin "ai mun san ta". Sai an kai takardar zaman da aka yanke shawarar canji, sabuwar mai sa hannu ta je da kanta da lambar BVN ɗinta, a jira. Kafin a gama, farashi a Dawanau ya tashi ya bar mu. Haka layin wayar da saƙon banki ke shigowa: in na mutum ɗaya ne, ranar da wayar ta faɗa rijiya ƙungiya ta makance.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafi sam. Wane dillali ne mudunsa ke cika, wace ce in ta makara da biyan bashi kunya ce ba taurin kai ba, wane maigida ne sai an bi ta wajen mahaifiyarsa kafin ya bar matarsa ta fito. Wannan yana kan iyayenmu da suka kafa ƙungiyar, kuma ba a koyonsa sai an bi su kasuwa an zauna kusa da su wajen sulhu. 'Yan matanmu da suka gama sakandare sun iya biro da waya, amma ba su san wannan ba. Iyayen kuma da yawa da ka suke lissafi. Kowane ɓangare na riƙe da rabin makulli.

Ga abin da za mu kawo gabanku a zaman bayan girbi. Kowace mai muƙami ta samu mataimakiya da za a gabatar a gaban kowa, kuma wata ɗaya cikin uku mataimakiyar ce za ta ja taro, shugaba na zaune tana saurare, gyara sai an tashi. Masu sa hannu su zama uku daga unguwa daban-daban, a kuma sayi waya da layi na ƙungiya. Maganar wa'adi ita ce muka san za a yi gardama a kai. Wasu a cikinmu na cewa shekara 3 sau biyu, wasu na ganin ya yi kaɗan ga wadda ta iya. Ku je ku yi shawara, ƙuri'arku ce za ta raba. Wadda ta sauka kuwa ba gida za ta koma ba, kujerarta na nan cikin iyayen ƙungiya, kuma a gabanta za a riƙa damƙa littafi.

Mazajenmu da ke zaune a baya, ku ma da naku. Mataimakiya sai ta je banki a Ɗambatta ko Bichi, wani lokacin har ofishin ƙungiyoyin gama kai a Kano. In an zaɓi ta gidanku, muna roƙon izini tun yanzu, kuma ba za ta tafi ita kaɗai ba, da uwa za a haɗa ta.

Duk wadda ke da sunan da take ganin ya dace, ta sanar da sakatariya kafin Juma'ar ƙarshen wata. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana. Ma'aji, bismillah.