Wa Ke Riƙe da Makulli? Shirya Rumbunan Bayanai na Gajimare Domin Aiwatar da Ƙa'idojin Izini

A watan Yunin 2024 kamfanin binciken tsaro na Mandiant ya sanar cewa shi da Snowflake sun gargaɗi kamfanoni da ƙungiyoyi kimanin 165 cewa mai yiwuwa an kwashe bayanansu. Snowflake yana ba da hayar rumbun ajiya da sarrafa bayanai ne ta intanet, irin wanda ake kira na gajimare: kwamfutocin suna girke a manyan ɗakunan ajiya na wasu, mai bayanai kuma daga nesa yake shiga. Cikin waɗanda ɓarnar ta shafa akwai Ticketmaster da bankin Santander, da kamfanin waya na AT&T a Amurka, wanda ya bayyana cewa an ɗebi tarihin kiran waya da saƙonni na kusan dukkan masu amfani da layinsa.

Binciken bai nuna cewa an fasa Snowflake kansa ba. Ɓarayin sun shiga ne da sunaye da kalmomin sirri na gaskiya, waɗanda mugayen manhajoji suka sato daga kwamfutocin ma'aikata da 'yan kwangila. Wasu kalmomin an sace su tun 2020, kuma har lokacin ba wanda ya canza su. Asusun da aka shiga ba su da tantancewa mai hawa biyu, wato ba a neman wata lamba ta waya ko wata shaida bayan kalmar sirri. Ba a kuma taƙaita wuraren da za a iya shigowa daga cikinsu ba. Duk waɗannan matakan suna nan a cikin rumbun, masu haya ne ba su kunna su ba.

Da wuya a ce kamfanoni masu irin wannan girma ba su da rubutacciyar ƙa'ida kan wanda ya cancanci ganin bayanai. Abin da wannan takarda take son jawo hankalin masu karatu a kansa shi ne tazarar da ke tsakanin ƙa'idar da hukumar gudanarwa ta sa wa hannu da abin da na'ura ke yi a daidai lokacin da wani ya nemi buɗe wani teburi. Na'ura ba ta karanta kundin ƙa'idoji. Sai an shirya rumbun yadda zai san abin da ke cikinsa, ya san mai neman shiga, kafin ya iya cewa a'a.

Manyan masu ba da haya, Amazon da Microsoft da Google, duk sun raba nauyin tsaro gida biyu, kuma sun rubuta hakan ɓaro-ɓaro. Gine-gine da injuna da wayoyi suna wuyansu. Bayanan da aka zuba da kuma wanda aka ba izinin taɓa su suna wuyan mai haya. Shugabannin ma'aikatu da yawa suna sa hannu a kwangila da zaton sun sayi tsaron gaba ɗaya.

Aikin farko, wanda ya fi cin lokaci kuma ba wanda ke samun yabo a kansa, shi ne sanin abin da aka ajiye. Rumbun banki ko na asibiti yakan tara dubban tebura cikin shekaru, wasu an kwafo su daga tsofaffin manhajoji, wasu wani ma'aikaci ne ya ƙirƙira don rahoton wata ɗaya ya manta da su. Ƙa'idar da ta ce kada kowa ya ga lambar shaidar banki ta BVN sai sashen bincike ba za ta yi aiki ba matuƙar rumbun bai san ginshiƙan da ke ɗauke da lambar ba. Don haka ake bin tebura ɗaya bayan ɗaya ana maƙala wa kowane ginshiƙi alama: wannan lambar shaida ce, wannan bayanin lafiya ne, wancan kowa zai iya gani. Akwai manhajojin da ke taimakawa wajen lalubowa, kamar Macie na Amazon, amma suna kuskure. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN lambobi 11 ce, BVN ma 11, lambar wayar Najeriya ma 11. Dole a samu mutumin da ya san teburin ya tabbatar, kuma dole kowane teburi ya zama yana da mai shi, da sunansa, wanda za a tambaya idan wani ya nemi izini.

Idan aka gama sa alamomi, sauran aikin yakan yi sauƙi ƙwarai. A ɗauki misalin teburin abokan hulɗa na wani banki mai rassa a jihohi da dama. Ginshiƙansa su ne suna, lambar waya, BVN, reshe, da kuɗin da ke asusu. Ma'aikaciyar da ke amsa koken jama'a a reshen Zariya ta buɗe shi. Rumbun ya duba ko wace ce ita, ya ga aikinta da reshenta, sai ya nuna mata layukan reshen Zariya kaɗai. A ginshiƙin BVN kuma taurari bakwai take gani, sai lambobi huɗu na ƙarshe, waɗanda suka ishe ta tabbatar da mutumin da ke gabanta. Mai binciken zamba a hedikwata ya buɗe wannan teburin a wannan minti, shi kuwa ya ga lambar a cike da dukkan rassa. Mai nazarin ƙididdiga ba ya ganin suna ko lamba sam, sai jimillar kuɗi. Teburi ɗaya ne, ba a kwafe shi gida uku ba. Snowflake da BigQuery na Google da Unity Catalog na Databricks da Lake Formation na Amazon duk suna da hanyoyin tace layuka da killace ginshiƙai, kuma akasarinsu suna bari a ɗaura ƙa'idar a jikin alama. Duk sabon teburin da aka sa wa alamar BVN, ƙa'idar za ta hau shi ba tare da an sake rubuta komai ba.

Tunanin da ke ƙarƙashin wannan tsari ya girmi gajimare da shekaru masu yawa. Tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka rubuta cewa kowane mutum da kowace manhaja a ba su mafi ƙarancin izinin da aikinsu ke buƙata. A 1992 David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST ta Amurka suka tsara ba da izini bisa muƙami maimakon bisa mutum. Tsarin ya yi amfani matuƙa, sai dai yana da ciwo: idan banki yana da rassa 200 da ayyuka 10 a kowane reshe, muƙaman za su kai 2,000, kuma ba mai iya lura da su. Shi ya sa aka karkata ga duba siffofi, wato reshen mutum, sashensa, irin na'urar da ya shigo da ita, a haɗa da alamar da ke kan bayanan. Amma wannan yana nufin rajistar ma'aikata ta zama gaskiya a kullum. Wanda aka mayar Sakkwato jiya, yau rumbun ya sani. Wanda ya ajiye aiki da safe, kafin azahar an rufe asusunsa. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san cewa yaron shagon da ya tafi da makulli a aljihu bai gama tafiya ba sai an canza kwaɗo. A ma'aikatu da yawa sashen kula da ma'aikata da sashen kwamfuta ba sa magana da juna sai ƙarshen wata, kuma a wannan giɓin ake yin ɓarna.

Mutane ma sun fi sauƙi. Manhajoji su ma suna da asusu da makullai, kuma su ba a sallamarsu, ba sa tafiya hutu, ba a tuna su a taron bita. Abin da ya faru da bankin Capital One a 2019 ya isa darasi. Wata tsohuwar ma'aikaciyar Amazon ta gano wata katangar tsaro da aka saita ba daidai ba, ta yaudare ta har ta miƙo makullin wucin gadi na asusun da katangar ke aiki da shi. Da izinin asusun ya tsaya kan aikin katanga, da ɓarnar ba ta yi nisa ba. Amma an ba shi damar jerawa da karanta ɗaruruwan ma'ajiyai, don haka aka kwashe bayanan mutum kimanin miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada. Bayanan a ɓoye suke da lambobin sirri, amma bankin ya amsa cewa izinin da aka sace ya ba da damar warware su. Wannan batu ya kamata ya tsaya a ran duk wanda ke jin ya gama aiki da zarar ya ɓoye bayanai: ɓoyewa tana kare faifan da aka sace, ba ta kare komai daga mai riƙe da izini. An yi kutsen a watan Maris, bankin bai sani ba sai Yuli, shi ma wani ne daga waje ya aiko da saƙo. Hukumar da ke sa ido kan bankunan Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 80 a 2020, sannan ya amince da biyan dala miliyan 190 ga waɗanda suka kai ƙara.

Microsoft ma bai tsira ba. A 2023 masu bincike na kamfanin Wiz suka tarar da wani adireshi da ma'aikatan Microsoft suka sa a shafin GitHub domin raba wasu samfuran ƙirƙirarriyar basira. Makullin da ke jikin adireshin bai tsaya kan samfuran ba, ya buɗe ma'ajiyar gaba ɗaya, terabait 38, har da saƙonnin cikin gida sama da 30,000. Izinin ya haɗa da gogewa da sauyawa, kuma an sa wa'adinsa ya ƙare a 2051. Ba mugunta aka yi ba, mutum ne ya so ya sauƙaƙa rabon samfuran. Rumbun da aka shirya da kyau ba ya barin irin wannan zaɓi a hannun mutum ɗaya: yana ƙin duk makullin da wa'adinsa ya wuce 'yan kwanaki. Amazon ya bi hanya makamanciyar wannan a Afrilun 2023, lokacin da ya mayar da kowace sabuwar ma'ajiyar S3 rufaffiya ga jama'a tun daga farko.

A nan gida Najeriya batun ya riga ya iso. A farkon 2024 jaridar bincike ta FIJ ta ba da rahoton wani shafi da ke sayar da bayanan NIN, daga baya ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa da naira 100 ana iya sayen takardar NIN ta mutum a wani shafin. Hukumar NIMC mai ba da lambar NIN ta musanta cewa an fasa rumbunta, hankali kuma ya koma kan hanyoyin tantancewa da ake ba wakilai masu lasisi. Ko da an karɓi bayanin hukumar yadda yake, tambayar tana nan: wakilin da aka ba izinin duba lambar wanda ya zo gabansa, me ya hana shi duba lambar kowa ya sayar? Ƙa'idar izini ta gaskiya tana ƙayyade yawan nema a rana, tana neman dalilin kowane nema, kuma tana mayar da amsar e ko a'a a inda ba a buƙatar cikakken bayani. Mutumin da ya yi layi a rana ya ba da hoton yatsunsa domin kada a rufe masa layin waya bai ba da su don a sayar ba.

Doka ta riga ta ɗora nauyin. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe da bayanai, duk wanda ya fi yawa. A Agustan 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8. Ghana tana da tata dokar tun 2012, Nijar tun 2017 tare da hukumar HAPDP. Kamfanin da ke hada-hada tsakanin Kano da Maraɗi yana ƙarƙashin dokoki biyu, don haka alamar ƙasa ma tana cikin abin da ya kamata a maƙala wa kowane layi.

Akwai wata kafa da duk wannan shiri ba ya toshewa, kuma a ganin wannan takarda ita ce mafi faɗi a ofisoshinmu. Da zarar ma'aikaci ya sauke teburi zuwa Excel ya tura wa maigidansa ta WhatsApp, ƙa'idar ta tsaya a baya. Hana saukewa kaɗai ba ya magance abin, domin idan neman izini yana ɗaukar mako biyu, mutane za su ara wa juna kalmar sirri, kuma ba za a ga laifinsu sosai ba, aiki ne ke jiransu. Shirin da zai ɗore sai ya haɗa da hanyar neman izini mai sauri, wadda mai teburi zai amsa cikin yini, izinin kuma ya mutu da kansa bayan wa'adi. Haka ma ƙa'idojin, gara a rubuta su da harshen na'ura, ta hanyar kayan aiki irin su Open Policy Agent ko Apache Ranger, a gwada su kafin a kunna, a kuma ajiye tarihin wanda ya canza me. Masu hikima sukan fara da kunna sabuwar ƙa'ida ta yadda za ta rubuta wanda za ta hana ba tare da ta hana shi ba, na tsawon wasu makonni, domin kada a wayi gari an tsayar da biyan albashi.

Saura rajistar shiga da fita. Dokar Najeriya ta ba da awa 72 a sanar da NDPC idan an yi kutsen da zai iya cutar da jama'a, kuma hukumar za ta so sanin bayanan wa aka taɓa, mutum nawa. Amsar tana cikin rajista, idan an kunna ta. A tsarin Amazon, kundin rajista na CloudTrail yana ajiye tarihin kwana 90 ne kawai na ayyukan gudanarwa idan ba a saita shi ba, kuma ba ya rubuta wanda ya karanta wane fayil sai an kunna wannan sashe daban, an kuma biya kuɗinsa. Ma'aikatu da dama suna barinsa a kashe domin rage kashe dala. Wanda ya gano kutse bayan wata huɗu da irin wannan saiti zai tarar tarihin ranar da aka shiga ya riga ya goge, kuma ba shi da abin da zai nuna wa hukuma ko ya faɗa wa mutanen da bayanansu suka fita.