Najeriya da Gambiya: Jawabi a Bikin Yaye Sababbin Jami'an Diflomasiyya

 

Matasan da ke zaune a sahun gaba sun shafe watanni suna koyon aikin jakadanci, kuma babu mamaki idan zuciyar kowannensu tana can Landan ko Washinton. Mai wannan jawabi zai so su karkato da hankalinsu zuwa Banjul, babban birnin Gambiya. Faɗin ƙasar bai fi murabba'in kilomita 11,300 ba, wato jihar Kano ma ta fi ta girma, kuma jama'arta ba su kai miliyan uku ba. Siririya ce, ta bi gaɓar kogin Gambiya hagu da dama, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina in ban da bakin teku. Amma zai yi wuya a samu ƙasar da Najeriya ta sa hannu a kotunanta, barikokinta da zaɓenta kamar wannan.

Zumuncin ya girmi 'yancin ƙasashen biyu. Turawan Ingila ne suka mulke su, kuɗi ɗaya suka taɓa kashewa, kuma har gobe yaransu jarrabawar WAEC suke zaunawa. A zamanin da Kano ke tinƙaho da dalar gyaɗa, gyaɗar ce ke riƙe da Gambiya. Da ta samu 'yanci ranar 18 ga Fabrairun 1965, ba ta da isassun lauyoyi da alƙalai na gida, sai ta riƙa aro daga 'yan'uwa. Mai shari'a Emmanuel Ayoola ya riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Gambiya daga 1983 zuwa 1992, daga baya Emmanuel Agim da Emmanuel Fagbenle su ma suka hau ta. Shirin tura ƙwararru ƙasashen waje da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1987 ya kai malamai da ma'aikatan lafiya can.

Aron bai tsaya a kotu da makaranta ba. A farkon shekarun 1990 hafsoshin Najeriya ne ke riƙe da manyan muƙaman rundunar sojan Gambiya, bisa gayyatar Shugaba Dawda Jawara. Ƙananan hafsoshin gida sun ƙullaci ganin baƙi a samansu, kuma wannan na cikin ƙorafe-ƙorafen da aka riƙa ambata bayan da wani Laftanar mai shekara 29, Yahya Jammeh, ya kifar da gwamnati ranar 22 ga Yulin 1994. Wanda ya zo taimako da zuciya ɗaya yana iya zama dalilin husuma idan bai lura da yadda 'yan gida ke kallonsa ba.

Jammeh ya yi shekara 22 a kan mulki, kuma ba a yin adalci ga tarihi idan aka tsallake abin da ya faru a cikinsu. A Yulin 2005 an kashe 'yan ci-rani fiye da hamsin daga ƙasashen Afirka ta Yamma, akasarinsu 'yan Ghana, da 'yan Najeriya a cikinsu. 'Yan jarida sun ɓace, wasu an harbe su. Iyalan ɗaya daga cikinsu, Deyda Hydara, da masu neman haƙƙin wani, Ebrima Manneh, sai da suka zo kotun ECOWAS da ke Abuja kafin suka samu hukuncin da ya ba su gaskiya. A duk tsawon lokacin alƙalan aro na zaune a kotunan Banjul, kuma 'yan Gambiya da dama sun zargi wasunsu da zama sandar dukan 'yan adawa. Wannan zargi yana da ɗaci a kunnen ɗan Najeriya, amma jami'in da zai je can wajibi ne ya san da shi kafin ya sauka daga jirgi.

Sai ranar 1 ga Disambar 2016. Gambiya ba ta amfani da takardar ƙuri'a. Mai zaɓe ana miƙa masa ɗan dutsen gilashi guda ɗaya, ya shiga bayan labule, ya jefa shi cikin durom mai launi da hoton ɗan takarar da yake so, ƙararrawa ta kaɗa sau ɗaya don ma'aikatan zaɓe su ji. Da aka zuba duwatsun a faranti aka ƙirga, Adama Barrow, ɗan takarar haɗakar 'yan adawa, ya samu kusan kashi 43 cikin ɗari, Jammeh kusan kashi 40, tazarar ƙuri'a dubu goma sha tara da 'yan kai. Jammeh ya buga waya ya taya shi murna a gaban kyamara. Ranar 9 ga wata ya lashe amansa, ya ce bai yarda ba.

Bayan kwana huɗu Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka Banjul tare da Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya, John Mahama na Ghana da Ernest Bai Koroma na Saliyo. ECOWAS ta naɗa Buhari babban mai shiga tsakani, ya sake komawa ranar 13 ga Janairun 2017. Majalisar Wakilai a Abuja ta nemi a yi wa Jammeh tayin mafaka idan ya sauka. Najeriya ta tura jiragen yaƙi Dakar, ta aika jirgin ruwan soja, yayin da Senegal ta ja dakarunta bakin iyaka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin mai wannan jawabi bai faru a fagen daga ba. Jam'iyyar Jammeh ta shigar da ƙara Kotun Ƙoli, kuma shi ya kafe cewa ba zai gusa ba sai an yanke hukunci. To amma kotun ba ta da isassun alƙalai, sai an aro daga Najeriya da Saliyo. Ranar 10 ga Janairu aka buɗe zama, alƙalan ba su zo ba, domin ɓangaren shari'a na Najeriya ya sanar cewa ba za a samu alƙalansa ba sai a lokutan da aka saba, watau Mayu da Nuwamba. Fagbenle, ɗan Najeriyar da ke shugabantar kotun, ya ɗage shari'ar, sannan ya janye kansa daga buƙatar hana rantsar da Barrow. Ƙofar da ake son bi a tsawaita mulki da sunan doka ta rufe ke nan. An rantsar da Barrow ranar 19 ga Janairu a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar, kuma bayan shugabannin Gini da Muritaniya sun yi zaman ƙarshe da Jammeh, ya bar ƙasar ranar 21 ga wata zuwa Ikwatoriyal Gini. Dubban iyalan da suka tsere Senegal suka fara komawa gida.

A zaɓen Disambar 2021 tsohon Shugaba Olusegun Obasanjo ne ya jagoranci masu sa ido na ƙungiyar Commonwealth, Barrow ya lashe da kusan kashi 53. Sai dai aikin bai ƙare ba. Barrow ya yi alƙawarin shekara uku bai sauka ba, kuma daftarin tsarin mulkin da zai ƙayyade wa'adin shugaba ya faɗi a majalisa a Satumbar 2020.

Ta fuskar kasuwanci kuwa, ƙwarya ba ta bi ƙwarya yadda ya kamata ba. Bankunan Najeriya irin su GTBank, Zenith da Access sun kafu sosai a Banjul da Serekunda, amma kayan da ke cika shagunan daga China, Indiya da Senegal suke zuwa. ECOWAS tana da tsarin shigar da kayan da aka sarrafa a yankin ba tare da kuɗin fito ba, sai dai ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ɗora atamfa a mota yakan ratsa Nijar, Burkina Faso da Mali kafin ya kai Senegal, kuma ukun farko sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Jami'in da aka tura Banjul zai tarar da wannan matsala a kan teburinsa, tare da takardun masunta, ɗalibai da 'yan kasuwar Najeriya mazauna can, kuma zai yi hulɗa da ma'aikatan hukumar zaɓen da shugabanta na lokacin, Alieu Momarr Njai, ya gwammace gudun hijira a 2017 da ya canja sakamakon da ya sanar.

Allah ya yi wa waɗannan matasa jagora, ya saka wa iyayensu da malamansu da alheri. Ranka ya daɗe shugaban taro, ana roƙon ka taso ka miƙa musu takardun shaidarsu.