JAWABI A KAN ZANEN RUMBUNA NA ƘASAR AMURKA

 

Biron ƙungiya ya ce mu kawo labarin wani aikin gayya da mutanen karkara sunka yi a wata ƙasa, don mu ji yadda wasu ke fama da irin ciwon da ke damunmu, wato gari ya watse, samari su tafi bida, tsofaffin gine-gine su zube babu mai ɗaga su. Mun zaɓi labarin gundumar Adams, cikin jihar Ohayo ta ƙasar Amurka. Kada ku ji an ce Amurka ku zaci ko'ina benaye ne. Gundumar nan ƙauye ce a bakin kogin Ohayo, ƙasar tuddai, mutanenta ba su kai dubu 30 ba, kuma tana cikin matalautan gundumomin jihar. Taba ce babban abin da manomansu sunka daɗe suna samun kuɗi da ita.

Sai mun fara da bayanin abu biyu, in ba haka ba zancen ba zai shiga ba. Na farko rumbunsu. Ba irin namu ba ne na laka ko na kara. Gini ne na katako, babba ƙwarai, wani ya fi gidan mai shi girma, a ciki ake ajiye ciyawa da shanu da kayan noma, a ciki kuma ake rataye ganyen taba ya bushe. Na biyu bargonsu. Matan karkarar can sun gaji wata sana'a tun kaka da kakanni: su tara ƙyallaye, ragowar ɗinki da tsofaffin tufafi, su yanka su murabba'i ko kusurwa uku, su harhaɗa su gida-gida har su zama shimfiɗa guda, su sa auduga a tsaka, su sa wani yadi a ƙasa, su bi duka da allura. Ƙasar sanyi ce, bargo ba abin wasa ba ne. Kowane tsarin ƙyalle da sunansa: akwai Tauraron Ohayo, akwai Ɗakin Gungume, akwai Sawun Dodon-koɗi. Har akwai wanda ake kira da sunan dagin wata dabbar dajinsu, kamar dai yadda mu ma muke da dagi ga wuyan riga da bangon gida.

To, a shekarar 1989 wata mace mai suna Donna Sue Groves da mahaifiyarta Maxine sunka sayi gona a gundumar Adams. Cikin gonar akwai tsohon rumbun taba marar kyan gani. Uwar gwanar ɗinkin bargo ce. Sai ɗiyar ta yi mata alkawari cewa wata rana za ta zana gida ɗaya na bargo a jikin rumbun don girmama ta. Alkawarin ya kwana ya tashi har fiye da shekara 10. Da abokai sunka matsa mata a 2001, sai ta ce maimakon rumbu ɗaya, me zai hana a zana da yawa, a jera su bisa hanyoyin gunduma, baƙo ya bi su da mota ɗaya bayan ɗaya? Anka kafa kwamiti, anka tsai da shawara kan zane 20. Na farko, Tauraron Ohayo, an buɗe shi a watan Oktoba na 2001 kusa da garin Manchester. Abin da ya burge mu, matar da ta kawo shawarar ba ta sa nata gaba ba. Rumbun uwarta sai a 2003 ya samu nashi zane, Sawun Dodon-koɗi.

Daga nan abu ya bazu. Maƙwabtan gundumomi sunka ɗauka, jihohin Ayowa da Tenesi da Kentaki sunka ɗauka, har ya kai jihohi fiye da 40, ya tsallaka Kanada. A 2012 wata marubuciya, Suzi Parron, ta fid da littafi a kan wannan aiki tare da Donna Sue. Ita Donna Sue ta rasu a 2021.

Yanzu ga yadda ake aikin, don nan ne ya kamata mu kasa kunne. Da farko wasu a jikin rumbun kai tsaye sunka yi fenti, mai zane bisa tsani yini guda. Daga baya anka gane allo ya fi sauƙi. Ana haɗa fallen katako 2, kowane ƙafa 4 da ƙafa 8, su ba da murabba'i mai ƙafa 8 kowane gefe, wajen mita 2 da rabi ke nan. A shimfiɗa shi ƙasa cikin inuwa, a shafa mashi farin fenti na share fage gaba da baya da gefuna, don ta gefe ruwa ke shiga ya kumbura katako. Sa'annan a ja layuka da ma'auni, a manna tef a bakin kowane layi, a shafa launi ɗaya, a bari ya bushe, a sake shafawa, kana a koma ga launi na gaba. Wanda ya yi gaggawa ya ɗaura launi bisa ɗanye, aikin mako ya lalace. Amfanin allo shi ne kowa na iya sa hannu: tsohuwar da ba ta hawa tsani, da ƴan lekol, da manomin da bai taɓa riƙa buroshi ba. Kuma tunda daga nesa za a gani, mutum na cikin mota, ba a son ƙananan kwalliya. Launi kaɗan masu ƙarfi da manyan gidaje su ke fita. Allon na da nauyi, shi ya sa a wurare da dama kamfanin wutar lantarki na karkara ke ba da aron motarsa mai ɗaga mutum sama ranar kafawa.

Fenti dai shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne zama da mutane. Rumbu na da mai shi, sai ya yarda, kuma kwamitoci da yawa sukan rubuta yarjejeniya: shekara nawa allon zai zauna, wa zai gyara in ya koɗe, me za a yi in an sai da gonar. Sai rumbun ya kasance ana hango shi daga hanya, da wurin da mota za ta tsaya ba tare da haɗari ba. A jikin taswirar da ake raba ma baƙi akan gargaɗe su su yi kallo daga bakin hanya, kada su kutsa gidan mutane. Zaɓen zane ma shawara ce: wani gida ya ce sai tsarin bargon kakarsu, wani ya zaɓi wanda ya dace da abin da yake nomawa. Wannan ne ke sa kowane allo ya zo da tarihin gidan, kuma shi baƙo ke so ya ji.

Me ya sa sunka ɗora ma kansu wannan wahala? A 1935 gonakin Amurka sun kusa miliyan 7, yau ba su wuce wajen miliyan 2 ba. Ƙananan gonaki sun narke cikin manya, manyan injuna ba su shiga ƙofar tsohon rumbu, ga shi a 2004 gwamnati ta soke tsarin kason taba wanda ya daɗe yana tallafa ma ƙananan manomanta. Rumbun da ba shi da aiki ba a gyara rufinsa, in rufi ya yoye kuwa sauran kwana kaɗan. A gundumar Grundy ta Ayowa, wadda ta fara nata a 2003, wani abu ne ya ƙara tunzura su: sabuwar babbar hanya ta ɗauke matafiya, sun daina ratsa garuruwa. Duk wanda ya ga kasuwar da kwalta ta kauce ma ya san wannan ciwo.

Amma fa mu faɗi gaskiya, kallon allo kyauta ne. Baƙo na iya zagaya rumbu 20 ya koma gida bai kashe ko dala ba, in babu mai abinci da mai man mota da mai sayar da bargon a kan hanyar. A ganinmu ribar da ta fi tabbata ita ce mai rumbu, da ya san idon jama'a na kansa, yakan gyara rufi ya share gaban gida, kuma aikin hannun mata, wanda da yake ninke cikin ɗaka, ya fito bainar jama'a da sunan masu shi. Haka kuma fenti yakan koɗe da rana, katako ya ruɓe, inda kwamiti ya watse bayan bikin buɗewa allunan sun zama abin kunya.

Ba mu ce a sayo katako a kwaikwayi Ohayo ba. Rumbunmu abinci ne a ciki, kuma ba kowane maigida ke son baƙo ya tsaya yana ƙare ma rumbunsa kallo ba. Dattawa sun fi mu sanin dalili. Bangon laka ma ruwan damina na wanke shi, yaɓe yake so kusan kowace shekara. Sai dai zanen bango ba baƙonmu ba ne. Wanda ya shiga unguwar Birni ta Damagaram ya ga abin da maginanmu ke iya yi da laka da farar ƙasa a fuskar zaure, kuma masu wannan hannu suna raguwa tun da siminti da kwano sunka shigo.

Abin da biro ke nema ga dattawa shi ne su gaya mana zaurukan da ke bakin hanya waɗanda masu su za su yarda a taɓa, da maginan da sunka rage masu iya zane, da yaran da za a haɗa su da su. Ƴan ci-rani kuma su dubi abin da za su iya aikowa, a raba shi biyu tun farko: kashi ɗaya na aikin, kashi ɗaya a ajiye don yaɓen baɗi. Za a karɓi amsoshi kafin a kai amfanin gona gida, tunda aikin laka da rani ake yin shi.