Gine-ginen Katako Na Ƙaramin Layin Dogo: Jawabin Taron Shekara



Kwamiti ya nemi in yi magana a kan abin da na shagala da shi tun bayan da na ajiye aiki. Na san wasu 'yan ajinmu suna cewa wai tsufa ya mai da ni yaro, ina wasa da jirgin ƙasa. To, ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan, sa'an nan ku yanke hukunci.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane, har da likitoci da injiniyoyi, waɗanda ke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur, da jirgi mai tafiya da lantarki, da tasha, da sito, da tankin ruwa. Kome bisa ma'auni ake yinsa. Wanda ya fi yaɗuwa shi ake kira HO, wato kashi 1 cikin 87, inda ƙafa guda ke komawa milimita 3.5, tsakanin ƙarfen dogo biyu kuwa milimita 16.5. A Ingila sun fi amfani da OO, kashi 1 cikin 76. Ke nan a ma'aunin HO ƙofa mai tsawon mita 2 ba ta wuce milimita 23 ba. Wanda ya raina lissafi ba zai kai labari a nan ba.

Ana samun katako mai laushi, irin basswood ko balsa, a yanka shi siri-siri da reza, a jera allo bayan allo kamar yadda kafinta ke yi wa ginin gaske. Dole ne a yi wa bango tokara daga ciki, a kuma shafa launi gaba da baya, in ba haka ba danshi zai lanƙwasa shi. Wannan da kaina na ɗanɗana, don sitona na farko damina ɗaya ta mai da shi kamar kwale-kwale.

Amma gini ba shi ne mai wuyar ba. Mai wuyar shi ne tsufar da ginin, har wanda ya gani ya ce rana da ruwa sun yi shekara hamsin suna dukansa. Da farko a kankare katakon da buroshin waya, bin tsawonsa, don zanen itacen ya fito. Sai a jiƙa soson ƙarfe a ruwan khal kwana biyu ko uku. A fara shafa wa katakon ruwan shayi mai kauri, in ya bushe a bi shi da wancan ruwan. Sinadarin da ke cikin shayi yana haɗuwa da ƙarfen da ya narke, nan da nan katako ya koma toka-toka. Wasu kuma baƙar tawada suke ɗigawa a sipirit. Ƙa'ida guda da ba a karyawa: a rina kafin a manna, domin duk inda gam ya taɓa, rini ba ya shiga, sai ya bar farin tabo. Daga nan a huda gurbin ƙusa da allura, a niƙa alli mai launi a yi tsatsa da ƙura.

Ina za a sa tsatsar? A nan ne ilimin yake. Tsatsa daga ƙusa take gangarowa, ta bi hanyar ruwa. Gindin bango ya fi duhu saboda fantsamar ruwan sama. Gefen da rana ke duka ya fi koɗewa. Bakin ƙofa ya fi cinyewa, wajen mariƙi ya fi dauɗa, saman ƙofar da injin ke shiga kuwa baƙi ƙirin yake da hayaƙi. Wanda bai tsaya ya ƙura wa ginin gaske ido ba, ko ya tara kayan aikin duniya, ƙazanta kawai zai shafa.

Mutum biyu sun ishe mu misali. John Allen, mai ɗaukar hoto a garin Monterey na Amurka, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan fasaha, har ya gina rumfar injin jirgi da tantabaru da kashinsu a kan rufi. Ya rasu a 1973, kwana goma bayan haka gobara ta cinye layin nasa, hotuna ne suka rage. Na biyun Roye England, wanda ya zo Ingila daga Ostareliya a 1925. Da ya ga ana rushe tsofaffin gidajen ƙauye ana sake musu fasali, sai ya shiga aunawa yana ƙera ƙananansu, galibi da kwali. Aikinsa ne ya zama gidan tarihi na Pendon a 1954.

To, mu fa? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos an rufe shi a 1957. Mu da muka zo makaranta a jirgi, da akwatin ƙarfe a ka, mun san waɗannan tashoshi da ransu. In muka kau, wa zai faɗi kamanninsu?

Saboda haka roƙona biyu ne. Na farko, ƙungiya ta gyara ɗakin koyon kafinta inda aka fara damƙa mana zarto, wanda ɗazu na leƙa na tarar da shi a kulle. Na biyu, a tura yara da rula da littafi su auno tsohuwar tasha mafi kusa da mu, su ƙera ta. Ni zan kawo katako da kayan aiki, in kuma zo kowace Asabar iya tsawon zango guda. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, don haka ina roƙon Shugaba a sa maganar cikin ajandar yau.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.