Mai Jego a Aji: Me Hukuma Ta Tanadar Mata?



An ɗora mini yin magana kan matar da ta haihu ta koma karatu, da irin tallafin da take da haƙƙin samu daga gwamnati. A ƙasar nan tambayar farko da za a yi mata ita ce: kina cin albashi?

Sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba ma'aikaciya hutun mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a bakin aiki. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya mako 16 gare ta. Jiharmu ta wuce nan, domin a 2019 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sanar da hutun wata shida ga ma'aikatan jiha, don jariri ya samu nonon uwa zalla. Madalla da wannan. To amma ɗaliba fa? Ita ba ma'aikaciya ba ce, dokar ƙwadago ba ta san da zamanta ba.

Yawancinmu mun san 'yar da ke karatu a makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris a Makarfi, ko mai tasowa daga Hunkuyi kullum zuwa Zariya. A ce haihuwa ta zo mata ana saura mako uku jarrabawa. A gida iyaye sun ce ba inda za ta sai ta yi arba'in, jadawalin jarrabawa kuwa ba ya jiran wankan jego. Ko ta nemi jingine zangon ta yi asarar shekara, ko ta ɗaure ciki ta fito. In ta fito, ƙanwarta 'yar shekara goma ce ke biye da ita, ta zauna gindin darbejiya da goyo, uwar na satar jiki tsakanin darasi da darasi ta ba da nono. Wannan 'yar rainon, jama'a, ita ma a wannan sa'ar aji ya kamata a same ta. Karatun yarinya ɗaya muke biya da na wata.

Sai kuma bashin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a watan Mayun 2024. Ba ruwa a kansa, ana biyan kuɗin makaranta, ana ba ɗalibi Naira 20,000 duk wata, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Aure ko haihuwa ba sa hana mace nema. Sai dai kuɗin ɗaya ne ga saurayin da ba shi da nauyin kowa da mai jariri a baya. A Ingila akwai tallafi na daban da ke ɗaukar har kashi 85 cikin ɗari na kuɗin raino ga ɗalibai masu 'ya'ya, kuma kyauta ne, ba bashi ba.

Ban ce mu kamo Ingila gobe ba. Ɗaki ɗaya mai tabarma da ruwa da mai raino a kowace babbar makarantar jiha, da rubutacciyar ƙa'idar da za ta ba mai jego damar rama jarrabawa ba sai ta yi kamun ƙafa ba, bai fi ƙarfin 'yan majalisarmu na jiha ba.

Ku kuma magidanta, kafin a cike fom ɗin bashin a duba sunan da ke NIN da BVN da takardar JAMB. In amarya ta sa sunan miji a banki alhali na mahaifi ne a JAMB, a gyara tun da wuri, don saɓanin suna kaɗai na iya tsayar da maganar.