Baƙi Na Wuce Wudil Da Kuɗinsu A Aljihu



Wudil gari ne na baƙi. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta bi ta kan gadarsa, motoci ba sa yankewa dare da rana. Ranar Juma'a kuwa kasuwa ke ci. Fatake na cika kara, wasu sun kawo shanu, wasu sun zo su loda su a tirela zuwa Kudu. Ga makarantar horar da 'yan sanda. Ga jami'ar da ta fara aiki a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Kowanensu da ciki yake zuwa, da aljihu kuma.

To, ina kuɗin nan ke tsayawa? A bakin titi kawai. Direba ya taka birki, fasinja ya miƙo hannu ta taga ya sayi soyayyen kifi, shi ke nan sai gaba. Bai san akwai mai tuwon dawa da miyar kuka a lungu ba. Bai san gidan da ake gina tulu da randa ba. Masuncin da ya kwana a ruwa shi ma sai ya kayar wa ɗan sari da araha. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Nan ne ɗalibin yaƙi da jahilci zai yi rana. Maganin ba tsada: katako ɗaya da ɗan fenti. A rubuta abin da ake sayarwa, da farashi, da lambar waya, a kafa a bakin lungu. In da hali a yi da boko da ajami, domin fatake da yawa ajami suka iya. Farashin da aka rubuta ya zama ɗaya ga ɗan gari da baƙo. Wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa, kuma sai ya ba da labari a tasha.

Mai abinci ta rufe kwanonta, ta ajiye ruwa da sabulu. Ɗan jami'a na duba wannan tun kafin ya tambayi kuɗi.

Kada a manta da fatoma. A gidansa falke ke sauka, kuma inda ya nuna nan baƙonsa zai ci. Mai sana'a ya kai masa ɗanɗano tun ranar Alhamis.