Kada A Sai Da Uban Garke: Jawabi Ga Makiyayan Madarunfa

Masu gari, rugga da garso, dattawa, iyayenmu mata masu awaki, sannunku da zuwa. Na san wasu sun baro dabbobi ba su sha ruwa ba, don haka ba zan tsawaita ba. Magana ɗaya ce ta kawo ni: wace dabba za mu kai kasuwa, wace kuma za mu bari gida ta yi iri.

Kowa ya san inda dabbobinmu suke ƙarewa. Daga nan sai Ɗan Isa, sai Jibiya, sai Katsina da Kano, wasu har Legas. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, fatake suka ƙara yawa a kasuwanninmu. Amma kun ga yadda hanyar take. Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, sai ƙarshen 2020 ta buɗe. Aka sake rufewa a 2023, sai watan Maris na 2024. Buɗewa da rufewar iyaka ba a hannunmu suke ba. Abin da ke hannunmu shi ne kyawun dabba. Ranar da kasuwa ta faɗi, mai ƙiba ana tayawa, ramammiya kuwa ko kallo ba ta samu.

To ga inda muke cutar kanmu. In buƙata ta taso, biki ko suna ko hatsi ya ƙare, wanne kake kamawa? Babban bunsuru, ko bajimin da ya fi kowane ƙirji, don shi ne mai kuɗi. Sai a bar ɗan tsugul ɗin da dillali ya ƙi, shi ke barbarar garke duka. Bana haka, baɗi haka. Bayan shekara biyar sai ka ji mutum yana cewa awakin yanzu ba su girma kamar na da. Ai kai ka sai da ubansu! Manomi ba ya cinye zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye shuci don iri. Me ya sa ba mu yi wa dabba haka?

Na farko, awaki. Allah ya ba mu jar akuya ta Maraɗi, wadda duniya ta sani. Tana yawan haihuwar tagwaye, tana da nono, kuma fatarta laushi da ƙwari gare ta, shi ya sa masu jima na Turai suke nemanta tun da daɗewa. Saboda ita aka kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi tun farkon shekarun 1960. In za ka zaɓi bunsuru, ka nemi ja wur wanda babu rodi a jikinsa, gajeren gashi, faɗin ƙirji, miƙaƙƙen baya, ƙafafu tsaye, maraina biyu daidai da juna. Ka tambayi uwarsa: tagwaye take yi? Tana shayar da su su ƙoshi? Bunsuru ɗaya mai lafiya ya ishi awaki 25 zuwa 30. Cikin akuya wata 5 ne, kafin ka ankara ƴaƴansa mata sun isa barbara. Kada ya wuce shekara 2 a garke ɗaya. Ku yi musaya da wani ƙauye, don in uba ya hau ƴarsa, ƙananan da za a samu raunana ne.

Sauran mazan fa? A dandaƙe su tun suna wata 2 zuwa 3. Muna da ƙarfen dandaƙa wanda ba ya fasa fata, babu jini, babu ƙuda. A yi da safe, lokacin sanyi ya fi. Taure ya fi saurin ƙiba, namansa ba ya wari, mahauci ya san haka.

Amma ku ji wannan da kyau. Awakinmu da rani sake suke, suna gauraya a bakin tafki da cikin gonaki. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta tara kuɗin adashe ta sayi bunsuru mai kyau, ta dandaƙe nata duka. Da awakinta suka haihu, rabi baƙi da fari. Bunsurun maƙwabta ne ya riga nata. Wannan aiki ba na gida ɗaya ba ne. Sai mai gari ya tara mutane, a zaɓi bunsuran gari, a sa rana a dandaƙe sauran.

Na biyu, shanu. Azawak tana da nono kuma tana karɓar turke. Jar saniya ta Bororo tana jure tafiya da yunwa. Kowa ya riƙe wadda ta dace da kiwonsa, amma bajimi ya zama daga uwa mai nono wadda ba ta daɗewa tsakanin haihuwa da haihuwa. Maruƙan da ba a zaɓa ba a dandaƙe su kafin su shekara, su yi noma da jan amalanke, daga baya a turke su. Karsana mai kyau ba ta kasuwa ba ce. Kuma don Allah, kafin ka sai da mace, ka kawo mu duba ko tana da ciki. Abin da muke gani a mahauta na ƴaƴa cikin mahaifa abin takaici ne: dabba biyu aka sayar a kuɗin ɗaya.

Na uku, turke. Iri mai kyau ba ya ƙiba da iska. Ku tara harawar wake da ta gyaɗa tun da kaka, a ɗora bisa rumfa a inuwa, kada rana ta cinye ta. A haɗa da dusa, da ƴaƴan gawo, da gishiri ko kanwa kaɗan, da ruwa mai tsabta. Wata 3 zuwa 4 ya isa, in ya wuce haka dabba ta fara cin ribarka. Kafin ka ɗaure ta, a ba ta maganin tsutsar ciki. Mu da ke kiwo gefen tafkin Madarunfa da Gulbin Maraɗi, a ƙara da maganin tsutsar hanta. In an yi wa dabba allura, ka tambayi kwana nawa za a jira kafin a yanka.

Na ƙarshe, rigakafi. Dattawa sun tuna ɓarnar bushiya. Da allura aka kore ta, har a 2011 aka ba da sanarwar ta ƙare a duniya. Yanzu ciwon huhu na shanu da annobar awaki da tumaki muke yaƙi da su. In ma'aikata sun zo, a kawo garke duka, kada a ɓoye rabi a daji. Kuma a rage ƙona fata da wuta a haƙarƙari da cinya, yana karya kuɗin ƙirgi.

Wanda yake son a duba masa bunsuru ko bajimi, ya same ni a ofishin kiwo, ko mai gari ya aiko mu zo da ƙarfen. Allah ya sa albarka a garke.